Littattafan Mushe a Gindin Randa

Bana ma ruwa ya yi jinkiri. Hadari zai haɗo daga gabas, ya yi baƙi har kaji su fara neman akurki, sai iska ta zo ta watsa shi, a bar mu da gumi da kallon sama. Cikin wannan zafin ne jikata Rakiya ta zo mini hutu nan Tasawa, ta shigo gida tana ta faɗa ita kaɗai. Wai ta gani a waya, a wasu ƙasashe in mutum ya gama karanta littafin labari sai ya bar shi a kan benci ko a tasha, don wani wanda bai sani ba ya ɗauka. Ita ma ta gwada, ta bar nata a tasha. Ko gida ba ta kawo ba wani ɗan kabu-kabu ya biyo ta, ya miƙa mata abinta, har da yi mata faɗan sakaci.

Na yi dariya har sai da na riƙe ciki.

Ta ce, "Kaka, mi aka yi na dariya?"

Na ce, "Ke yau kika soma. Ni akwati guda na yi ta yarwa ana maido mini."

Lokacin muna Atantane, zamanin soja, shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Maigidana malamin lakkol ne, wato makarantar boko, Mushe kowa ke ce masa, kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, ni ma haka na kira shi har Allah ya karɓi abinsa. A gidan akwai mahaifiyarsa, Inna, da 'ya'yanmu biyu ƙanana. Mun shuka ya ƙone, mun sake shukawa ya ƙone, na ƙarshe da ya fito sai ya yi ta kallonmu muna kallonsa. Da kaka ta zo ba a ji ƙarar sussuka a gari ba. Na shiga rumbu da tsintsiya na share har ƙasa, abin da na tara bai cika ƙwarya ba, rabinsa ma kashin ɓera.

Daga nan rayuwa ta koma rijiya da daji. Da an yi sallar asuba sai mu ɗauki tuluna. Rijiyar garin mai zurfi ce, ga ruwan ya ƙara yin ƙasa, mace ɗaya ba ta jan guga, sai mu jeru a kan igiya muna ja da baya muna ba juna murya. Tafin hannuna ya yi kanta har ban jin zafin tukunya. Ruwan da zai fito ja ne, sai an bar shi ya kwanta. In rana ta ɗaga mu gangara Gulbin Kaba, mu yanko kaba don saƙar tabarma, mu tsinko ganyen jiga, mu ɗebo 'ya'yan anza. Wanda bai ci anza ba ba zai gane ba. Ɗacinta sai an jiƙa ta kwana da kwanaki, ana zubar da ruwa ana sake wani, kafin ta shiga baki. Ko an dafa an sa gishiri, ɗacin yana nan can ƙarshen harshe, har yau in na tuna sai na ji yawu ya taru mini.

To a cikin wannan halin ne nake fama da taurin kai iri biyu, na uwa da na ɗa. Na Inna shi ne randar ƙofar gida. Tun mijinta na da rai ake ajiye randa a bakin zaure, da moɗa a kan murfi, don mai wucewa ya sha. Ta rantse ba za a wayi gari randar nan a bushe ba tana numfashi. Ni ce mai jan ruwan, don haka ni ce mai ƙunƙuni. In na ce, "Inna, anza ma ruwa take so," sai ta ce, "Anza ba ta ce miki Allah shi yi albarka." In yi tsaki a ciki, in juye tulu.

Na Mushe kuwa akwatin ƙarfe ne shuɗi, cike da littattafan labari. Wasu na Faransanci, wasu na Hausa da yake sayowa in ya tsallaka Katsina. Kafin fari, in an yi la'asar yakan zauna gindin gawo ya karanta wa mutane yana fassarawa, har da muryar mata yake yi, tsofaffi na dariya suna cewa Mushe ya taɓu. A cikinsu akwai ɗaya da nake ce wa nawa. Labarin wata yarinya ce 'yar mai fito, wadda ubanta ya kwanta ciwo ta karɓi jirginsa tana ƙetarar da mutane. Na Faransanci ne, shi ya fara karanta mini ina amarya, kafin ya koya mini karatun da kaina. Ni da ban taɓa ganin kogi ba, gulbinmu yashi ne da goriba, sai in rufe ido in ji ruwa na dukan katako. Gefen littafin ya ɗan ƙone, ranar da hira ta yi daɗi na ture fitila.

Da aka kawo jar dawar taimako a kamyo, babbar motar kaya, Mushe ya buɗe baki gaban mai kaki ya ce makiyayan da suka sauka bayan gari su ma mutane ne, a auna musu. Ba a ce masa komai ba ranar. Ba a jima ba takarda ta zo, an mayar da shi can gabas, bayan Damagaram, kuma shi kaɗai zai tafi. Ranar tafiyar ya tsaya a kan akwatin ya daɗe.

Ya ce, "In kin ga za ku tashi, kar ki bar ma gara su. Kuma kar ki kai ma abokan aikina, yanzu wanda duk aka gani da kayana ya shiga uku. Ki ba masu wucewa."

Na ce, "In ba su ƙaƙa? In tsaya bakin hanya ina tare mazan mutane, mijina ba shi gari?"

Ya ce, "Ki aje inda za su gani. Ni dai a karanta su."

Na ce to, don in rabu da shi lafiya. Da kamyon ya ɓace na shiga ɗaki na yi kukana.

Bazara ta shigo da zafin da ban taɓa ji ba. Da hantsi yashi ya fi ƙarfin ƙafa, tabarma da kanta zafi take, yara sun daina wasa sai kwanciya a inuwar danga. Lakkol ta watse. Samarin da suka iya karatu duk sun yi kudu neman abin kai wa baki. Garin ya zama na tsofaffi da mata da baƙi, don kullum mutanen arewa na ratsawa, wasu da jaki, wasu da kaya a ka. Sai yayana ya aiko daga wajen Hawandawaki cewa mu taho kafin watan azumi ya kama, can akwai ɗan rogo. Abin da za mu ɗauka kuwa tukwane ne da tabarmi da Inna.

Ranar na buɗe akwatin. Tsatsa ta huda gindinsa, gara ta yi gini ta shiga, ta cinye na ƙasa-ƙasa sun zama gari. Shekarar ko gara yunwa take ji. Na fito da sauran na kakkaɓe na shanya, nawa kuma na soke shi a ƙugu cikin zane, da shi nake yawo. Mai teburin kasuwa ya ji labari ya aiko, wai in ba shi takardun ya riƙa ƙunshin sukari da taba, ya auna mini garin rogo. Ba zan ɓoye ba, na kwana ina juya maganar, ga yara na tari ba ƙarfi. Inna ce ta kashe ta. Ta ce, "Abin da ke da rubutu ba a ƙunsa taba da shi. Maida mishi da amsa." Ita da ba ta san ko baƙi ɗaya ba.

Sai na fara yadda Mushe ya ce. Ranar kasuwa na bar guda a wata rumfa, na yi kamar ban san da shi ba, na dawo gida ina jin na yi dabara. Ana la'asar na jiyo sankira, mai shelar gari, yana zagaye da muryarsa kamar ta jaki: "Jama'a, an tsinci takarda mai bango a rumfar masu kanwa! Mai ita shi zo gidan maigari!" Kafin in rufe baki ga jikan maigari da littafin a hannu biyu. Ai kowa ya sani, duk garin gida ɗaya ke da irin wannan.

Na bar wani a bencin asibiti, malamin allura ya aiko da shi. Na bar wani inda ake jiran kamyo, na ce wannan kam baƙo zai ɗauka ya yi gaba. Baƙon ya ɗauka. Wata kasuwar sai ga wani dattijo ya yi sallama, ƙafa duk faso, wai daga Isawane yake. Ya ga littafin, ya jira mai shi bai zo ba, ya tafi da shi gida don kada akuya ta ci, ya yi ta cigiya har aka kwatanta masa mu.

Ya ce, "Ɗiyata, shekara irin wagga wa zai kwana da kayan wani? Sama ta riga ta yi hushi da mu."

Me zan ce masa? Na yi godiya, na ba shi ruwa, na ba shi anzar da na ajiye wa kaina, na raka shi da ido ina jin kamar in yi ihu. Haka mutanenmu suke. Tsintuwa sai an yi cigiyar mai ita, balle a shekarar da liman ke cewa kowa ya duba abin da ke wuyansa ko Allah ya dube mu. Yunwa na kayar da mutum a hanya, amma ba zai riƙe littafin da ko karanta shi bai iya ba. A lokacin haushi suke ba ni. Yanzu in na tuna su ƙwalla nake yi.

Na ƙarshe na bar shi wurin rabon dawa, don nan jama'a ta fi taruwa. Wannan ya kusa ja mini. Kwana biyu sai ga jandarma a ƙofar gida, littafin a hammata. Na fito na durƙusa, don a wancan zamanin takarda in an same ta cikin taro ba a tambayar me ke ciki sai an kama mai ita.

Ya ce, "Madam, mun duba, ba komi ciki sai soyayya. Amma kar ki sake barin takarda inda mutane ke taruwa. Mijinki bai gama hita daga tashi matsalar ba."

Na ce, "Na ji, ranka shi daɗe."

Ya juya zai tafi, ya ɗan tsaya, ya rage murya. "Wanda ya rubuta wanga, akwai wani nashi?"

Don tsoro na karɓi littafin na shige gida.

Na haƙura. Watan azumi ya kusa, littattafai na nan a ɗaki a kan turmi, ina kai su rana ina dawo da su kamar masu jinya. Wata safiya na dawo rijiya a gajiye, zan juye tulu a randar Inna, littafina na tokare mini ciki. Na zaro shi na ajiye a gindin randar, na juye ruwan, na shiga da tulun. Da na fito na tarar da wani Bafillace tsaye yana sha, matarsa a bayansa da ƙore a ka. Sanda na kafaɗarsa, ga dangwali, igiyar da suke ɗaure maruƙa, a naɗe a wuyansa, amma ba saniya ko ɗaya a bayansu. Ya mayar da moɗa, idonsa ya sauka a kan littafin. Ya tsuguna, ya bi rubutun bangon da yatsa, ya karanta shi a fili, a hankali, da Faransancin da ya daɗe bai taɓa ba.

Ya ɗago ya ce, "Uwar gida, na yi lakkol kaɗan kahin baba shi hidda ni. Wanga ma na randa ne?"

Na buɗe baki in ce a'a. Inna, da ke zaune cikin zaure tana saƙar kaba, ta riga ni. "Ɗauki, ɗan nan. In ba na baƙo ba ne mi zai kai shi nan?"

Ya sa shi cikin riga, ya yi mana addu'a mai tsawo, suka yi kudu. Na tsaya kamar an dasa ni. Mutumin da ya binne garkensa, ta yaya zan bi shi in ce maido?

Na shiga zaure na ce, "Inna, shi ne nawa! Shi kaɗai na so in tahi da shi!"

Ta ajiye saƙar ta dube ni. "To mi ya sa kika aje shi wurin sadaka?" Da ta ga idona ya kawo ruwa sai ta ce, "Ban sani ba, ɗiyata." Ranar ko anza ban ci ba.

Na jira sankira, bai yi shela ba. Kasuwa ta ci ta watse, ba wanda ya yi sallama da littafi. Sai na gane. Abin da aka gani a rumfa ko a benci na wani ne, ya faɗi. Abin da ke gindin randa kuwa an riga an bayar, mai ɗauka ba ya da nauyin kowa sai addu'a. Daga ranar kullum in na juye tulu sai in ajiye biyu ko uku, in ɗora dutse don iska. Kafin azahar sun tafi. Wasu su tsaya su juya shafi su mayar, wasu su ɗauka don wani ɗansu da ya yi lakkol. Har jandarman nan na hango ta tsagar danga, shi da ke da ruwa a wurin aikinsa, ya zo ya sha na Inna, ya waiga hagu da dama, ya tafi da ƙirji a kumbure. Ban ƙara ƙunƙunin randa ba. Ranar da za mu tashi akwatin wayam yake, tukwane na zuba a ciki. Inna ta bar wa maƙwabciya amanar randar, ta maimaita mata har ta gaji.

Kamyo ya kawo mu Tasawa. Daga nan muka sami amalanken jaki, Inna da yara a sama, ni a ƙasa ina bin sawun taya cikin yashi. Washegari da rana tsaka, leɓɓana sun tsage, muka iso wani ɗan ƙauye kafin Hawandawaki. A ƙofar wani gida, gindin bedi, ga randa. Na ruga na ɗauki moɗa, sai idona ya sauka a kan dutse, da abin da ke ƙarƙashinsa. Bangon ya tafi, an ɗinke bayansa da zaren fata, yana warin hayaƙi. Amma ga ƙunar fitilata a gefe.

Mai gidan, wani tsoho, yana kishingiɗe a inuwa. Ya ce, "Wani Bahillace ya sauka nan da matatai. Shina karanta muna shina maida shi Hausa. Da zai wuce ya ce gindin randa ya same shi, nan kuma za shi bar shi. In kin iya, ɗauki, na sadaka ne."

Inna ta leƙo daga amalanke ta ce, "Ga naki Allah ya maido miki."

Na ɗauka. Gefen shafukan ya yi baƙi da yatsu, fiye da duk shekarun da ya yi a gidanmu. Sai na ji murya daga bayan zana. "Malam, ta iya? Ce mata mun tsaya inda jirgin ya kihe." Matan gidan ne. Suka fito su da maƙwabta, ramammu kamar ni, suka zauna a yashi. Mai amalanke ya ce jakinsa ma na son hutu.

Na nemo wurin na fara. Ina karantawa ina fassarawa, sai na ji kalmomin Mushe ne ke fitowa daga bakina, har inda yakan tsaya ya ja numfashi. Muna zaune cikin zafin da ke dafa ƙwai, ba wadda ta karya kumallo, ga mu tsundum cikin kogi, wata tsohuwa na salati duk lokacin da igiyar ruwa ta taso. Har inuwar bedin ta juya. Mai amalanke ya ce in ba mu tashi ba dare zai same mu a daji. Saura da yawa a kai ƙarshe.

Na riƙe littafin a ƙirji. Nawa ne, an kuma ba ni. Matan ba wadda ta roƙe ni, sun dai zuba wa hannuna ido. Na zari sili ɗaya daga kabar Inna, na sa a shafin da muka tsaya, na mayar da shi gindin randar, na ɗora dutsen.

Na ce, "Wani mai karatu na tahe. Ku nuna mishi wurin kabar."

Ban waiga ba sai da ƙauyen ya ɓace, sai Inna ta miƙo hannu ta dafa kaina.

Ruwa ya sauka bayan sallah, muka ci rogo muka rayu. Sai da shekaru suka juya aka dawo da Mushe, ya rame, furfura ta fito masa. Na ba shi labarin duka, sankira da dattijon Isawane da jandarma, yana dariya har da tari. Da na kai kan kabar ya daina dariya. Bai tambayi akwatinsa ba. Ya ce, "Sun ji ƙarshen?" Na ce ban sani ba. Har ya bar duniya yakan tuno, muna zaune haka kawai sai ya ce, "Ko dai sun ji?" Ni ma ban daina tambayar kaina ba.

Yanzu ruwan leda ake saya, randa ta yi wuya a ƙofar gidaje, amma ni ina da tawa. Na ce wa Rakiya ta cika ta, ta kai littafinta can ta ɗora dutse. Ta yi, tana cewa tsofaffi dai da abinsu. Da la'asar na leƙa. Moɗar a jiƙe take, dutsen na gefe shi kaɗai.